Yadda za ki sa kotu ta ɗora wa uba nauyin yaro mai buƙata ta musamman a Abuja

Mata da yawa da ke kai ƙarar ciyarwa kotu da magana ɗaya suke zuwa: ya daina kawo kuɗin abinci. Alƙali ya saurara, ya tambayi uban nawa zai iya, a ɗan ja, a yanke wani abu duk wata, kowa ya kama gabansa. Idan yaron lafiyayye ne, wannan yana iya rage zafi. Amma yaron da ke da galahanga, ko farfaɗiya, ko shanyewar gaɓɓai, ko kurumta, abinci ne mafi sauƙin abin da ake kashe masa. Akwai maganin da ba a fashi, akwai gashi a asibiti, akwai kunzugun zamani har ya girma, akwai kuɗin mota, akwai makarantar da ba ta kusa da gida. Sannan yaron nan ba lallai ba ne ya tsaya da ƙafafunsa ranar da ya balaga ko ya cika shekara 18. Duk hukuncin da bai ambaci waɗannan abubuwa biyu ba, wato ainihin abin da lalurar ke ci da kuma tsawon lokacin da za a yi ana biya, zai sa ki sake komawa kotu ba da daɗewa ba.

Da uwa nake magana saboda galibi a hannunta ake barin yaron. Kaka ko inna ko kawun da ke riƙo, duk abin da ke nan ya shafe su.

Abin da doka ta tanada

A Najeriya babu wata doka guda da aka yi musamman don kuɗin ciyar da yara masu nakasa, kuma babu wani kaso na albashi da aka ƙayyade kamar yadda ake lissafawa a Birtaniya. Alƙali ne ke aunawa, ya dubi bukatar yaro ya dubi ƙarfin uba. Saboda haka abin da kika ajiye a gabansa shi zai auna. Dokokin da za ki jingina da su a warwatse suke.

Ta farko ita ce Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Abuja. Sashe na 1 ya ce maslahar yaro ce a gaba da komai. Sashe na 14 ya ba kowane yaro haƙƙin iyayensa su ɗauki nauyinsa gwargwadon halinsu, kuma ya ba shi damar neman wannan haƙƙi a kotun iyali. Ba ta tambayi ko iyayen suna tare ko sun rabu ba.

Ga Musulmi, fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi ya fi yadda mutane ke zato tausayin yaro mai lalura. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kusan kowace makarantar zaure ta sani, an ce uba zai ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, da sharaɗin ba shi da nakasar da ta zaunar da shi. 'Ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Muhtasar na Halil ya ƙara fayyacewa: sai ɗa ya balaga yana da hankali kuma yana iya neman na kansa. Ma'ana, yaron da ya balaga da lalurarsa, ko ya kai shekara 30, cinsa da shansa da suturarsa suna wuyan ubansa muddin uban yana da hali. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ma, a sashe na 262, ya lissafa ciyar da Musulmin da ke da rauni a jiki ko a ƙwaƙwalwa cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Abuja ke da hurumi a kansu. Iyaye maza da yawa ba su san wannan ba, wasu kuma sun sani suna yin kamar ba su sani ba.

Waɗanda suka yi auren rajista, Dokar Al'amuran Aure ta 1970 ce tasu. Sashe na 70 ya ba Babbar Kotu ikon yanke kuɗin kula da 'ya'ya har shekara 21, kuma ya bar ƙofa a buɗe a zarce hakan idan akwai wani yanayi na musamman. Nakasar da ta hana mutum dogaro da kansa tana daga cikin dalilan da ake kawowa a nan.

Sai dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ita ba ta yanke kuɗin ciyarwa, amma ta ba mai nakasa haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta kuma haramta amfani da shi wajen bara, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ki riƙe wannan don ranar da wani daga dangin uban zai ce ai irin waɗannan yaran su ke ciyar da kansu a bakin titi.

Fara da takardu, kafin ki je ko'ina

Kada ki tafi kotu ranar da ranki ya ɓaci. Ki ba kanki wata ɗaya ko biyu kina tara hujja. Amma kada ki mayar da shi shekara, domin a Malikiyya ciyarwar ɗa da ta wuce tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai fa idan alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi ba kyauta ba. Duk watan da kika yi shiru kina haƙuri, kina iya rasa kuɗinsa. In kina kashewa daga aljihunki, ki faɗa a gaban mutum biyu masu mutunci cewa bashi ne a kan uban, ki kuma tura masa saƙo mai ɗauke da wannan maganar.

Takarda mafi nauyi ita ce rahoton likita. Katin asibiti kawai ba ya isa. Ki je wurin likitan da ke duba yaron, gara a asibitin gwamnati kamar Asibitin Ƙasa, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi, ko babban asibitin unguwarku, ki ce kina son rahoto don kotu. Ki roƙi ya rubuta sunan lalurar, da ko ta dindindin ce, da magungunan da yaron ke sha da adadinsu, da sau nawa ake son ya zo gashi ko koyon magana a wata, da kayan da yake bukata kamar keke ko na'urar ji ko takalmi na musamman, da kuma bayan wane lokaci ake sauya su. Sai jimla ɗaya da ta fi komai: ko ana sa ran zai iya dogaro da kansa idan ya girma. Likitoci sun saba rubuta layi uku su buga hatimi. In ba ki faɗi abin da kike so ba, layi ukun za ki samu.

Sai takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya mai ɗauke da sunan uban, takardar aure ko ta saki in akwai, takardun makaranta, da shaidar nakasa daga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa in kin samu.

Yanzu rasit. Ki sayi littafin rubutu mai kwali, ki ware shi don yaron kaɗai. Kowace rana: kwanan wata, abin da aka saya, nawa. Rasit ɗin kemis da na POS, irin siririn nan mai santsi, rubutunsa yana goguwa cikin 'yan watanni, musamman in ya sha zafi a jaka. Ranar kotu sai ki zaro farar takarda. Ki ɗauki hotonsa da waya ranar da aka ba ki, ki yi kwafi, ki manna a littafin. Abin da ba a ba da rasit a kansa, kamar kuɗin mota, ki rubuta shi duk da haka. Littafin da aka yi wata uku ana rubutawa da biro kala-kala, da ɗan maiƙo a gefe, ya fi gamsar da alƙali a kan jerin da aka buga a kwamfuta daren jiya.

Yadda ake lissafin

Ki raba kuɗin gida uku: na kowane wata, na kowane zango ko shekara, da na lokaci guda. Na wata su ne abinci, magani, kunzugu, sabulu, gashi, mota, da ladan mai taimako in akwai. Na zango su ne makaranta, sutura, kason yaron na kuɗin haya. Na lokaci guda su ne tiyata, keken guragu, na'urar ji, gwaje-gwaje masu tsada.

Abin da mata suka fi mantawa shi ne mota. Yaro mai shekara 12 da ba ya tafiya ba a goya shi a tsaya a bakin titin Kubwa ko Lugbe ana kokawar shiga tasi da ma'aikata da safe. Dole shata. A ce ana kai shi gashi sau 2 a mako, kuma kowane zuwa, da mota da kuɗin gashin, ya ci naira 8,000. Wannan kaɗai naira 64,000 ke nan a wata, ba a sayi magani ba, ba a ci abinci ba, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne. Misali ne kawai, ki sa naki farashin na gaskiya. Amma ki ga yadda magana ke sauyawa idan aka ce wa alƙali 64,000 ga yadda ta fito, maimakon a ce masa asibiti na cin kuɗi.

Kada ki ƙara ko sisi. Lauyan uban ko shi kansa abu ɗaya yake nema da bai yi daidai ba, ya ce duk lissafin haka yake.

Ɗaya ɓangaren shi ne samun uban. Ki rubuta abin da kika sani: inda yake aiki da matakinsa, shagonsa a Wuse ko Dei-Dei, motar haya, gidan da yake karɓar haya, bankin da yake turo kuɗi ta cikinsa. Tsofaffin alat ɗin da ya taɓa turo miki suna nuna abin da ya saba iyawa. Saƙonnin WhatsApp da ya ce ba zai ƙara kashe ko kwabo a kan yaron ba, kada ki goge su, kada ki sayar da wayar. A Babbar Kotu da kotun majistare akwai ƙa'idar da Dokar Shaida ta 2011 ta gindaya a sashe na 84 kafin a karɓi abin da aka ciro daga waya, lauya zai shirya miki takardar da ake haɗawa. Kuma kada ki shiga wayarsa ko asusunsa a ɓoye. Kotu na da ikon sa shi ya kawo takardar albashinsa da kansa.

Wace kotu

Ki fara tabbatar da jihar da kuke. Mutum yana cewa a Abuja yake, alhali a Mararaba ko Masaka yake kwana, waɗannan Nasarawa ne. Suleja da Madalla kuma Neja. Kowace jiha da kotunanta da dokar yaranta. An fi kai ƙara inda wanda ake ƙara yake zaune, don haka ki tambayi rajistara tun kafin ki biya kuɗi, kada a yi zama uku sannan a ce kotun ba ta da hurumi.

Idan ku biyun Musulmi ne kuma auren Musulunci kuka yi, kotun yanki, wato Area Court, ita ce hanya mafi kusa. Akwai su a Kubwa, Dei-Dei, Zuba, Gudu, Gwagwalada da sauran wurare. Kuɗin shigar da ƙara ba shi da yawa, ana iya magana da Hausa, kuma za ki iya tsayawa da kanki. Ɗaukaka ƙara daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take zuwa. Auren gargajiya yana zuwa kotun gargajiya. Auren rajista kuwa, in ana maganar raba shi, Babbar Kotu.

Kotun iyali, wadda dokar 2003 ta kafa a mataki biyu, na majistare da na Babbar Kotu, tana da abubuwan da suka dace da yaro mai lalura. Ba a barin 'yan kallo, an hana buga sunan yaro ko abin da zai sa a gane shi, alƙali yana zama da mataimaka biyu, kuma dokar ta ba yaro haƙƙin lauya kyauta. Can ne kuma ya fi dacewa idan ba a yi aure ba, ko addininku ya bambanta, ko uban ya ce ba ɗansa ba ne, domin dokar ta ba kotu ikon ba da umarnin gwajin jini don tabbatar da uba. Wannan musun yana yawa a kan yara masu nakasa. Sai ka ji an ce a danginmu ba a haifar irin wannan.

A ra'ayina, Musulmar da ɗanta ya kusa balaga ko ya wuce shekara 18 ta fi samun madogara a kotun yanki, saboda hukuncin Malikiyya da na ambata bai ɗaure ciyarwa da shekaru ba. Dokar yara kuwa a shekara 18 ta daina kiran mutum yaro. Wadda ɗanta ƙarami ne kuma take tsoron tonon silili a gaban jama'a, kotun iyali ta fi mata. Kada ki shigar da magana ɗaya a kotu biyu lokaci guda.

In ba ki da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Maitama. Ki je da takardunki a jere. Suna da jama'a da yawa, wadda ta zo a shirye ita ake saurin taimakawa.

Sulhu

Kusan kowace kotu za ta ce ku je ku sasanta, kuma ba laifi ba ne. Uban da ya yarda da bakinsa a gaban yayansa ko limamin unguwa ya fi biya a kan wanda aka tilasta. Ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku yana kiran iyaye, akwai kuma zauren sasanci na Babbar Kotun Abuja. Abu ɗaya ne ba na so ki yarda da shi: sulhun baki. Za a ce miki ai Alhaji ya yi alkawari a gaban manya, rubutu na mene ne. Ki ce, Baba, ba don rashin yarda ba ne, don yaron ne, rai ba a hannunmu yake ba. A rubuta, kowa ya sa hannu, a kai wa alƙali ya mayar da shi hukuncin kotu. Sai ya zama hukunci ne za a iya tilasta shi.

Shigar da ƙara da ranar zama

A kotun yanki, wurin rajistara za ki je ki faɗi ƙorafinki ko ki miƙa shi a rubuce, ki biya kuɗi, ki karɓi rasit na gwamnati, a rubuta sammaci. Adireshin uban ya zama sahihi: unguwa, layi, wani abu sananne kusa da gidan, lokacin da ake samunsa. Ƙararraki da yawa a nan suke maƙalewa, watanni ana cewa ba a same shi ba. In yana ɓuya, ki roƙi kotu ta yarda a manna sammacin a ƙofarsa ko a kai wurin aikinsa. A kotun iyali da Babbar Kotu da takarda ake nema, haɗe da takardar rantsuwa da kwafin hujjojinki.

Tun zaman farko ki nemi umarnin wucin gadi, wato wani abu da zai riƙa bayarwa kafin a gama shari'a. Maganin farfaɗiya ba ya jiran ɗage zama. Tsayar da shi farat ɗaya yana iya dawo da ciwon da ƙarfi. Ki faɗi haka, ki nuna takardar likita.

Idan aka ba ki dama, ki yi maganar yaron. Cin amanar da aka yi miki da abin da uwar miji ta faɗa ranar suna gaskiya ne, amma ba su ne a gaban kotu ba, kuma suna cinye lokacinki. Ki bayyana yini ɗaya na rayuwarsa: ƙarfe nawa kike tashi, yadda ake masa wanka, yadda ake dama masa abinci ya yi ruwa-ruwa saboda ba ya iya taunawa, sau nawa ake sauya kunzugu, wa ke zama da shi in kin fita. Allah ya gafarta Malam, ga littafin, ga rahoton likita. A tsarin shari'ar Musulunci hujja tana kan mai da'awa, saboda haka ki zo da shaidu da suka ga abin da idonsu, kamar maƙwabci ko malamin yaron. Ba dole ba ne ki riƙa ɗauko yaron kowane zama. Ki tambayi kotu ko tana son ganinsa, sau ɗaya ya isa.

Ki shirya wa amsoshi uku. Na farko, ba ni da shi. A nan bayanan da kika tara za su yi aiki, kuma ki roƙi a sa ya kawo shaidar samunsa. Na biyu, ina da wasu 'ya'yan. Gaskiya ne kotu za ta duba wannan, amma adalci tsakanin 'ya'ya ba ya nufin a ba kowa daidai. Wanda ke shan magani kullum bukatarsa ta fi. Na uku shi ne mafi tayar da hankali: to a ba ni ɗana in riƙe. Sau da yawa ba riƙon ake so ba, kuɗin ake gudu. A Malikiyya riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, in uwa ta sami cikas ya koma ga mahaifiyarta sannan 'yar'uwarta. Mai riƙo ita ke karɓar kuɗin ciyarwa, uba ba shi da ikon cewa a riƙa turo yaron ya ci a gidansa. Ko kin yi wani aure riƙo ya koma wurin kaka, ciyarwa tana nan a kansa. Ki tambaye shi a gaban alƙali sunan maganin yaron da lokacin shansa, da wanda zai riƙa juya shi da dare.

Wata magana da za ki iya ji ita ce karatu ba dole ba ne ga irin wannan yaro. Akwai wani ƙaramin sashe a dokar 2003, ƙarƙashin sashe na 15, da ya cire yara masu lalurar ƙwaƙwalwa daga tanadin karatun dole, kuma masana sun daɗe suna sukarsa. Amsarki ita ce dokar 2018 da ta zo bayansa ta ba kowane mai nakasa haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba. Gwamnati na da makarantar kurame da ta masu buƙata ta musamman a Kuje, da ta makafi a Jabi. Ko karatun kyauta ne, kai yaro da ɗauko shi da kayansa ba kyauta ba ne.

Abin da za ki roƙa a rubuta cikin hukuncin

A nan ake cin riba ko a yi asara, kuma a nan mutane suka fi sakaci, saboda an gaji, ana jin alƙali ya ambaci kuɗi sai a yi godiya a fita. Kotu ba ta cika ba da abin da ba a roƙa ba. Ki roƙa tun a takardar ƙara, ki maimaita da baki.

A rubuta adadin kuɗin wata, da ranar biya, da asusun da za a saka. Ta banki ko ta hannun kotu, kada ki yarda da a ba direba ya kawo. Bayan shekara ba wanda zai iya tabbatar da abin da aka kawo. Kuɗin makaranta da na asibiti a ware su daban, a ce shi zai biya kai tsaye ga makarantar ko asibitin cikin kwanaki kaza bayan an nuna masa takarda. Wannan yana kashe zargin nan na cewa ke kike cinyewa, kuma idan farashi ya tashi nauyin tashin yana kansa. In ma'aikaci ne mai inshorar lafiya, tsarin ma'aikata yana ɗaukar mata ko miji da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Ki nemi a sa yaron cikin huɗun kuma katin ya zauna a hannunki. A ambaci kayan da ake sauyawa, domin keken da ya yi wa ɗan shekara 6 daidai ba zai ɗauki ɗan shekara 11 ba. A ambaci kason haya. A ambaci bashin baya, nawa ne, kuma yaya za a biya.

Sai jimloli biyu da nake ganin sun fi adadin kuɗin kansa daraja. Ɗaya: cewa ciyarwar za ta ci gaba bayan balaga ko bayan shekara 18 muddin lalurar tana hana shi dogaro da kansa. Ɗaya kuma: cewa kowane ɓangare na iya dawowa a sake duba adadin in hali ya sauya. Duk wadda aka yanke wa kuɗi kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ta san yadda adadin da ya isa jiya ya koma bai kai kuɗin mota ba.

Kafin ki bar harabar kotun ki nemi kwafin hukuncin mai hatimi. Ki karanta, ko a karanta miki. In an tsallake wani abu da alƙali ya faɗa, a lokacin ake gyarawa. In ba ki gamsu da hukuncin ba, ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, ki tambayi rajistara ranar.

Idan ya ƙi biya

Zai iya biyan wata biyu ya tsaya. Kada ki bari bashin ya taru ya zama abin da ko yana so ba zai iya biya ba. Da ya tsallake wata ɗaya ko biyu, ki koma kotun da ta yi hukuncin da kwafinki da bayanin asusunki daga banki. Kotu na iya kiransa ya yi bayanin dalili, tana iya ba da umarnin a kama kayansa a sayar, tana iya umartar bankinsa ya fitar da kuɗin daga asusunsa, kuma a shari'ar auren rajista dokar 1970 ta tanadi a riƙa cira daga albashi tun daga wurin aiki. Wanda yake da hali ya ƙi bin umarnin kotu da gangan yana iya kwana a gidan gyaran hali. Don haka sanin bankinsa da wurin aikinsa yake da amfani tun farko.

Akwai kuma hanyar laifi. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ke kula da aiwatar da ita a Abuja, a sashe na 16 ta ce wanda ya yi watsi da mata ko 'ya'ya ko wanda ke ƙarƙashinsa ba tare da abin rayuwa ba, yana fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka. Ni dai ban cika son a fara da ita ba. Uban da ke ɗaure ba ya kawo kuɗin magani, kuma in aikinsa ya tafi, abin da za a cira ma ya tafi. Amfaninta ya fi yawa a kan wanda ya ɓace gaba ɗaya ko wanda ya mayar da umarnin kotu abin wasa.

Wani uban kuma da gaske ba shi da shi. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi, kuma dokar 2003 ma gwargwadon hali ta ce. Ko a nan ki karɓi hukunci, ko da adadin kaɗan ne, ki nemi a haɗa da abin da zai iya da jikinsa, kamar kai yaron asibiti ranar gashi. Adadin da aka riga aka yanke ana iya ƙara shi ranar da ya sami aiki, ba sai an fara shari'a daga tushe ba.

In yaronki yana da shekara 16 ko 17 kuma tsohon hukuncin bai ce komai a kan bayan 18 ba, ki karɓo sabon rahoton likita yanzu, ki koma kotu tun yana cikin shekarun da dokar yara ta san shi. A wannan zaman ne kuma ya kamata ki tayar da maganar wanda zai zama waliyyinsa a kan kuɗi da magani idan ya girma, da asusun da za a riƙa saka masa kuɗin, da wanda zai riƙa sa hannu a madadinsa.